Tambaya: da haƙori da guntun muƙamuƙi ake gane dangin birin da ya mutu shekara miliyan 50?

Malamar bayoloji, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana a zauren nan. A manhajar 'yan aji uku na babbar sakandare akwai darasin hujjojin sauyawar halittu, amma littafin da ke hannun yara layi biyu ya ba burbushin halittu ya wuce. Su kuwa masu kaifin basira ba sa yarda a wuce da sauri haka. Da yawa sun ga hoton ƙwarangwal ɗin nan da aka haƙo a Jamus, wanda ake kira Ida, da rubutu a ƙasansa cewa shi ne mahaɗin da aka daɗe ana nema tsakanin birai da sauran dabbobi. Wasu shafukan kuma sun ce sam ba haka ba ne. Wanne ne daidai, kuma da wace hujja aka yanke?

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, yawancin tsofaffin dangin birai da haƙora kaɗan aka san su. Ta yaya mutum zai kalli haƙorin da bai kai ƙwayar dawa ba ya ce wannan ɗan gidan biri ne, ba ɓera ba, har ya faɗi reshen da yake? Shekarun fa, ta yaya ake auna su? Sannan yara na tambayar dalilin da ya sa ba a jin an tono irin wannan a Katsina ko Daura, alhali kullum ana haƙar rijiya da kududdufi. Ina son amsa mai zurfi, da kuma abin da zan iya ɗora wa yara a kan tebur su taɓa da hannunsu.

Malamin ƙirar jikin dabbobi, Katsina

Wa alaikumus salam, Malama. Ƙa'idar za mu fara zaunarwa, don idan ta zauna labarin Ida zai warware kansa. Ba yawan kamanni ake ƙirgawa ba, kama da wane ba ta wane. Akwai siffar da dabba ta gada tun daga can nesa, wadda kusan kowa ke da ita, kamar yatsu biyar. Ƙadangare na da su, biri na da su, don haka ba su nuna kusancin kowa da kowa. Abin da ake nema shi ne sabuwar siffa da ta ɓullo a reshe ɗaya, 'ya'yan reshen kaɗai suka gaje ta. Mai wahalar sha'ani ita ce ta uku: siffar da ta ɓullo sau biyu a gidaje daban-daban saboda abinci ko zaman ya zo ɗaya. Kusan duk rigimar da ake yi a fannin nan a kan rarrabe ta biyu da ta uku ne.

Cikakken ɗan gidan birai, wato babban gidan da ya haɗa birai na sosai da danginsu irin su lemur da galago da tarsiya, ana gane shi da zoben ƙashi da ya kewaye ido, idanu masu fuskantar gaba, babban yatsan ƙafa da ke ware yana damƙar reshe, farce mai faɗi maimakon mai ƙugiya irin na kyanwa, sai kuma ƙoƙon da ya rufe tsakiyar kunne, wanda a gidan nan daga ƙashin nan mai tauri da ke ɗauke da can cikin kunne yake tsirowa, ba ƙashi ne mai zaman kansa ba. Turamen haƙoransu kuma ƙusoshinsu, wato 'yan tudun da ke saman haƙori, gajeru ne marasa tsini, da kwari mai faɗi a bayan na ƙasa inda ake niƙa 'ya'yan itace. Na dabbar da ke cin ƙwari zalla dogaye ne masu tsini. Haƙori ne ya fi yawa a burbushi saboda ɓawonsa ya fi komai tauri a jiki, kuma tsarin ƙusoshinsa gado ne, ba ya canzawa bayan ya fito sai dai ya cinye.

Mafi tsufa da ake kawowa shi ne Purgatorius na jihar Montana a Amurka, wanda Leigh Van Valen da Robert Sloan suka bayyana a 1965. Ya rayu kusan shekara miliyan 66 da suka wuce, jim kaɗan bayan ƙarewar dinaso. Haƙoransa 44 ne: a kowane ɓari na muƙamuƙi na gaba 3, fiƙa 1, ƙananan turame 4, manyan turame 3. Shekara 50 ana muhawara a kansa da haƙora kawai, sai a 2015 aka bayyana ƙasusuwan idon sawunsa, aka ga gaɓar tana juya tafin ƙafa ciki yadda masu hawa bishiya ke yi. Danginsa Plesiadapis, wanda aka sani daga Faransa tun 1877, shi ne ke rikita ɗalibai: haƙoran gaba manya kamar na ɓera, giɓi a bayansu, farata masu ƙugiya, idanu a gefe, babu zoben ido. Shi ya sa wasu masana ke sa wannan rukuni a gindin bishiyar birai, wasu kuma su ce maƙwabta ne kawai. Ƙashin kunne ya kamata ya raba gardama, to amma a babbar dabba ɗinkin da ke tsakanin ƙasusuwan wurin yana haɗewa ya ɓace, sai a kasa gane daga ina ƙoƙon ya tsiro.

Wanda ya fi jan hankalina a cikinsu shi ne Carpolestes simpsoni na Wyoming, wanda Jonathan Bloch da Doug Boyer suka bayyana ƙwarangwal ɗinsa a 2002. Babban yatsan ƙafarsa yana damƙa kuma farcensa mai faɗi ne, amma idanunsa na gefe kuma ƙafarsa ba ta masu tsalle ba ce. Idan ɗan'uwan birai ne na kusa, to damƙa ta riga idanun gaba zuwa, kuma hakan ya fi dacewa da ra'ayin Robert Sussman cewa neman 'ya'yan itace da furanni a siraran rassa ne ya fara gyara jikin birai. Idan kuwa shi kaɗai ya samo wannan yatsa, ra'ayin Matt Cartmill na nan da ƙarfinsa, cewa farautar ƙwari da ido da hannu ce ta kawo siffofin. Kin ga yadda matsayin dabba ɗaya a bishiya ke juya bayani gaba ɗaya.

Cikakkun 'yan gidan sun bayyana ne kusan shekara miliyan 56 da suka wuce, lokacin da duniya ta yi wani zafi na gaggawa, ma'aunin zafi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 8. Tun daga fitowarsu sun riga sun rabu gida biyu. Akwai ƙanana masu gajeren hanci irin su Teilhardina, da aka samu a Sin da Beljiyam da Amurka, da Archicebus na lardin Hubei a Sin mai nauyin giram 20 zuwa 30 kacal. Waɗannan sun karkata wajen tarsiya, ɗan dabbar nan mai manyan idanu ta tsibiran kudu maso gabashin Asiya, wadda ita ce mafi kusa da birai a cikin masu rai. Ɗaya gidan kuma su ne irin Cantius da Notharctus da Adapis, sun fi girma, hancinsu ya fi tsawo. Shi Adapis ma da Georges Cuvier ya fara ganinsa a duwatsun Faris cikin shekarun 1820, a cikin masu kofato ya sa shi.

Ida 'yar wannan gida na biyu ce. Sunanta na ilimi Darwinius masillae, daga ramin Messel na Jamus, shekararta miliyan 47, an haƙo ta a 1983, an bayyana ta a 2009. Kusan kashi 95 cikin 100 na ƙwarangwal ɗin na nan, har da inuwar gashi da ragowar ganye da ɗan itace a cikinta. Masu bayyana ta sun jingina ta da reshen birai na sosai saboda gajeren baki, muƙamuƙi mai kauri, haƙoran gaba a tsaye, da kuma rashin abu biyu da lemur na Madagaska da galago namu na Afirka, ƙaramar dabbar dare mai manyan idanu, ke da su: matajin haƙora shida a muƙamuƙin ƙasa, da farcen susa a yatsan ƙafa na biyu. Raunin hujjar a fili yake. Rashin mataji tsohon hali ne, kakan kowa ba shi da shi, don haka ba ya kai ta reshen birai na sosai. Kafin shekarar ta fita Erik Seiffert da abokan aikinsa suka bayyana Afradapis daga Fayum ta Masar, mai shekara miliyan 37, suka jera siffofi 360 a kan nau'i 117 na masu rai da matattu. Sakamakon ya sa Afradapis da Ida a gindin reshen lemur da galago, ya nuna kamanninsu da birai daga baya suka samo shi da kansu. Ƙashin idon sawu na gidan su Ida ma ya goyi bayan haka, don gefen da siririn ƙashin ƙwauri ke zama a kansa gangare ne kamar na lemur, na birai da tarsiya kuwa a tsaye yake. Na Ida ya murƙushe, kamar yawancin ƙasusuwanta, kuma yarinya ce da ba ta gama canza haƙora ba. Cikar ƙwarangwal ba ita ce cikar hujja ba, kuma a ganina wannan shi ne babban darasin da yaranki za su ɗauka daga hoton.

Likitan dabbobi, Ƙofar Ƙaura

Malam ya gama da ƙa'ida, ni zan taɓa abin ɗorawa a tebur. Malama, ki aika mahauta a samo miki kan akuya ko na tunkiya, ki nemi na ɓera, in an dace da na kyanwar da mota ta kaɗe. Kada a taɓa kan karen da ba a san abin da ya kashe shi ba saboda ciwon haukan kare, kuma kada a sa yara neman kan biri. Na jan biri da na bika da na galago ki buɗe musu hoto. Shafin MorphoSource na Jami'ar Duke yana da hotunan ƙasusuwa da ake juyawa ta kowace fuska a kwamfuta ko waya.

A feɗe kan, a cire ido da harshe da ƙwaƙwalwa. A sa a tukunya da ruwa da ɗan omo, wuta kaɗan, ruwan ya yi zafi sosai amma kada ya tafasa. Tafasa na tura kitse cikin ƙashi ya yi rawaya yana wari, tana fasa haƙora, kuma kan ƙaramar dabba rabewa yake yi ta wajen ɗinki. Na akuya awa biyu zuwa uku ya isa, na ɓera minti kaɗan, ko ma a jiƙa shi a ruwa cikin rufaffen gwangwani a rana na wasu makonni ya ruɓe da kansa. Duk ruwan da za a zubar a bi da shi ta rariya, don haƙoran gaba zubewa suke yi. A mayar da su da gam bayan ƙashin ya bushe. Don fari a jiƙa a haidurojin farokisaid mai kashi 3 cikin 100 na kemis, kwana ɗaya ko biyu. Kada a sa bilic ɗin wanki, yana cin ƙashi, bayan 'yan watanni sai ki ga yana zubar da gari.

Ga abin da yara za su gani. Ki ba su tsinken tsintsiya su zura ta bayan gurbin ido. A kan ɓera babu komai a bayan idon, fili ne har wajen naman tauna. A na kyanwa ƙashi ya taso daga sama da ƙasa amma yawanci bai haɗe ba. A na akuya zoben ya haɗe tsaf, tsinken kuma yana wucewa ta ƙarƙashinsa ya fita baya. Nan za su tsaya su ce, to akuya 'yar gidan birai ce ke nan? Wannan ita ce tambayar da kike so su yi. Akuya da doki sun samu zoben ta hanyarsu daban, kofatonsu da haƙoransu da kunnensu duk sun nuna wani gida, shi ya sa siffa ɗaya ba ta yanke hukunci. A hoton jan biri kuma za su ga bango ya rufe bayan idon gaba ɗaya, tsinke ba zai wuce ba. Galago zobe kawai yake da shi, babu bango. Wannan bango shi ne hujjar da aka fi dogara da ita wajen cewa burbushi biri ne na sosai.

Sai ƙirgar haƙori, ɓari ɗaya, sama da ƙasa. Babban mutum da jan biri da bika duk 2, 1, 2, 3 ne, jimla 32. Akuya ma 32 gare ta, amma sama babu na gaba ko ɗaya, dasashi ne mai tauri. Jimla ɗaya, tsari daban. Ki sa su gwada da 3, 1, 4, 3 na Purgatorius su faɗi waɗanda suka ragu.

Malamar bayoloji, Ƙofar Marusa

Allah ya saka da alheri, Malam da Dakta. Maganar zoben akuya ta shige ni sosai. Saura shekaru da batun Katsina. Yara da yawa sun ɗauka da kabon-14 ake auna komai.

Mai nazarin duwatsu, Daura

Ƙanwata, ki fara cire musu kabon-14 daga lissafi. Rabinsa na ƙarewa a shekara 5,730, bayan shekara 50,000 abin da ya rage bai isa a auna ba, mu kuwa miliyoyi muke magana. Ba ƙashin ake aunawa ba, shimfiɗar da yake ciki ake aunawa. Inda aka yi sa'a akwai tokar dutse mai aman wuta a sama da ƙasan burbushin, sai a tsinto ƙananan lu'ulu'u masu sinadarin fotasiyam daga tokar. Fotasiyam-40 na rikiɗewa ya ba da iskar agon, rabinsa na ƙarewa a shekara biliyan 1.25, aman wutar kuma ya kori tsohuwar iskar, agogo ya fara daga sifili. Kuskure ta hanya biyu yake shigowa. Idan tsohon lu'ulu'u daga wani dutse ya gauraya da tokar, shekarun su fi gaskiya yawa. Idan ruwa da zafi sun ci lu'ulu'un iskar ta tsere, su fi gaskiya kaɗan. Shi ya sa yanzu ake narka su ɗaya bayan ɗaya da hasken leza, a ware waɗanda suka fita daga sahu.

Inda babu toka sai a koma ga maganaɗisun ƙasa. Arewa da kudun maganaɗisun duniya sun sha musanya wuri, ƙwayoyin ƙarfe da ke cikin laka kuma suna kwantawa daidai da fuskar lokacinsu. Ana yanko samfuri hawa-hawa, kowanne da alamar inda arewa take, a fitar da jerin juyin, a daidaita shi da jerin da aka riga aka sani daga ƙasan teku. Matsalar ita ce jeri ɗaya na iya dacewa da wuri biyu, musamman idan zaizaya ta cinye wani hawa. A Fayum haka ta faru: baƙin dutsen da ya rufe saman shimfiɗun shekararsa miliyan 23.6, iyaka ce kawai ya bayar, kuma da Seiffert ya sake daidaita jerin a 2006 sai shekarun Aegyptopithecus, wani tsohon birin wurin, suka sauko zuwa wajen miliyan 30.

Fitar da ƙashin kuma ya danganta da dutsen. Idan laka ce, a shanya ta ta bushe ƙayau, a jiƙa a ruwa, a wanke ta rariya mai ido rabin milimita, a shanya abin da ya rage a tsince shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Lakar da ba ta bushe ba ba ta narkewa, dunƙulewa take yi. Wanda ya yi amfani da ragar taga kuwa zai zubar da haƙoran ƙananan nau'i, ya dawo ya ce manya ne kaɗai suka rayu a wurin. Carpolestes a cikin farin dutse irin na siminti aka same shi, da asid mai rauni aka narkar da dutsen. A irin wannan aiki ƙarfin asid ba ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ana zuba masa garin kalsiyam fosfet tukuna don ya ƙoshi kada ya ci ƙashin, duk ƙashin da ya leƙo a shafe shi da siririn gam, sannan a jiƙa dutsen a ruwa mai tsabta ya fi daɗewar da ya yi a asid nesa ba kusa ba. In an gajarta wankin, gishiri na tsirowa a cikin tsagar ƙashi ya farfasa shi daga ciki. Dutsen Messel kuma laka ce mai mai, cike da ruwa, yana bushewa yake tsattsagewa. Sai a zuba wa fuskar burbushin roba mai daskarewa, a juya, a kankare dutsen ta baya. A Fayum Elwyn Simons da mutanensa share tsakuwar saman hamada suke yi da tsintsiya su tafi, iska ta kwashe yashi, baɗi su dawo su tsinci abin da ya fito.

Batun gida. Yawancin jihar Katsina, daga Funtua zuwa Malumfashi zuwa Dutsin-ma, a kan tsohon dutsen gindi take, wanda ya narke ko ya gasu a can ƙarƙashin ƙasa. Mafi ƙarancin shekaru a cikin waɗannan duwatsu sun kai shekara miliyan 500 da ɗoriya. Irin wannan dutse ba ya riƙe ƙashi, kuma ya riga duk dabba mai shayarwa. Nan arewa wajen Daura akwai shimfiɗar yashi da tsakuwa, amma yashi mai shan ruwa da iska narkar da ƙashi yake yi. Duwatsun da shekarunsu suka zo kusa da na Plesiadapis suna Sakkwato, a Dange da Kalambaina inda ake haƙar dutsen siminti, sai dai na teku ne. A wancan zamani wani hannun teku ya ratso Sahara ya kwanta a yankin, don haka kifi da kada da dodon-koɗi ake samu, ba mazauna bishiya ba. Rashin burbushin biri a wurinmu bai nuna ba su zauna ba, abin da ya nuna shi ne ba a samu tafki ko bakin kogin da ya binne su da sauri ya kuma tsira har yau ba.

Ɗalibar digiri na uku, Katsina

Ina gaida malamaina. Akwai abin da nake so in ƙara a kan bayanin Malam, don kada yara su fita da tunanin cewa da aka cire Ida an gano kakan birai an huta. Wurin da rigima ta fi zafi yanzu shi ne, a ina reshen birai na sosai ya fara, Afirka ko Asiya?

Fayum ce ta sa aka daɗe ana cewa Afirka, kuma hujjarta mai nauyi ce, don a can ake da ƙoƙon kai, ba haƙori kawai ba. Catopithecus mai shekara miliyan 34 yana da bangon bayan ido da haƙora 2, 1, 2, 3. Apidium yana da bangon amma ƙananan turamensa uku ne, kamar biran Kudancin Amurka. Aegyptopithecus, da Simons ya raɗa wa suna a 1965, haƙoransa irin na biranmu ne amma ƙashin ƙofar kunnensa zobe ne, bai zama bututu ba. Bututun sai a Saadanius aka gan shi, wanda aka samu a yankin Hijaz na Saudiyya aka bayyana a 2010, mai shekara miliyan 29 zuwa 28. Ana ganin siffofin na shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba a dunƙule ba.

To amma a 1994 Chris Beard da abokan aikinsa suka bayyana Eosimias daga lardin Jiangsu na Sin, shekara miliyan 45, ya girmi duk biran Fayum. An yi ta musu har aka samu cikakken muƙamuƙi da ƙasusuwan idon sawu. Masu ra'ayin Afirka a lokacin sun dogara da Algeripithecus na Aljeriya, wanda aka bayyana a 1992 a matsayin biri daga 'yan turame. A 2009 aka samu muƙamuƙinsa, sai ga ramin fiƙar ƙasa a kwance yana kallon gaba, da sauran alamun gidan lemur da galago. Wannan, Malama, shi ne amsar tambayarki a kan haƙori: turmi ɗaya na iya faɗin girman dabba da abincinta da kyau, har akwai ma'aunin Richard Kay cewa mai cin ƙwari ba ya cika wuce giram 500, mai cin ganye kuma ba ya cika sauka ƙasa da haka, amma wajen faɗin dangi turmi kaɗai na iya yaudara, don abinci ɗaya na sassaƙa haƙori ɗaya. Sannan a 2012 aka bayyana Afrasia daga Myanmar, haƙoranta kusan ba a bambanta su da na Afrotarsius na Libiya, shekarunsu kuma kusa da juna, wajen miliyan 37 zuwa 39. Afirka a lokacin tsibiri ce, wani tsohon teku mai suna Tetis ya raba ta da Asiya, don haka sai dai a ce sun ƙetare ruwa, wataƙila a kan tarin itatuwan da ambaliya ta tumɓuke. Abin kamar da wuya, amma Ucayalipithecus da aka bayyana daga Peru a 2020 ɗan gidan Apidium ne na Fayum, kuma babu hanyar ƙasa tsakanin Afirka da Kudancin Amurka a wancan lokaci.

Ni na fi karkata ga Asiya, amma da sharaɗi. Altiatlasius na Maroko, mai shekara miliyan 57, haƙora ne kusan goma, kuma har yau ba a daidaita kan gidansa ba. Idan ya tabbata biri ne, lissafin ya juye. Kuma shimfiɗun Afirka na tsakanin shekara miliyan 66 zuwa 40 da aka bincika kaɗan ne, kusan duk a bakin arewa.

Malamin ƙirar jikin dabbobi, Katsina

Madalla da wannan ƙari, 'yata. Abu ɗaya zan ɗora, don yara masu bincike a waya za su ci karo da shi. Masu lissafi da ƙwayoyin gado na dabbobin da ke raye sukan samu cewa gidan birai ya fara rabuwa tun kafin ƙarewar dinaso. Wani lissafi na Simon Tavaré da abokan aikinsa a 2002, wanda da yawan burbushi aka yi shi, ya kai wajen shekara miliyan 81, ya kuma ƙiyasta cewa nau'in da aka tono ba su wuce kashi 7 cikin 100 na waɗanda suka taɓa rayuwa ba. Burbushi kuwa miliyan 56 ya nuna ga cikakkun 'yan gidan. Ba dole ba ne ɗaya ya ƙaryata ɗaya. Burbushi mafi tsufa iyakar ƙasa yake bayarwa, wato reshen ya kai aƙalla wannan shekaru. Agogon gado kuma da burbushi ake saita shi, kuma yana ɗauka cewa an san saurin canji, alhali ƙananan dabbobi masu saurin haihuwa sun fi manya saurin tara canji. Idan kakannin ƙanana ne sosai, agogon zai ba da shekaru fiye da kima. Malama, idan za ki zana musu bishiyar a allo, ki ja layi mai kauri inda akwai ƙoƙon kai da ƙafa, irin Notharctus da Archicebus da Aegyptopithecus, ki ja mai ɗigo-ɗigo inda haƙori ne kawai, irin Altiatlasius da Afrasia, ki rubuta shekarar da aka bayyana kowanne a gefensa.